Shatu da Doose a Gidan Bukan Sidi

Shekaranjiya ina wucewa ta bayan kicin na ji ɗayarku tana waya, tana gaya wa ƙawarta wai ta samu aikin da babu wahala, zama ne kawai da mata ana hira, in lokacin abinci ya yi a ci. Ba zan kama suna ba, mai abin ta san kanta. Ban ga laifinta ba, don ni ma farkon zuwana da na ga Mama Rifkatu, shugabar gidan a lokacin, zaune a tabarma abin da na ɗauka ke nan. To tunda yau matan sun tafi gona tare da nas, ku sababbi kuma kuna nan, ku jawo kujera in gaya muku yadda zaman yake.

Sunana Hajara, amma a gidan nan Inna Hajo kowa ke cewa. Ubana ɗan ƙabilar Alago ne, uwata Bahaushiya, a nan Lafia aka haife ni. Da can abinci nake sayarwa a bakin tasha, shinkafa da wake da miyar agushi. Lokacin da wasu mutanen gari, Musulmi da Kirista, suka haɗa kai suka kama gida a Bukan Sidi don matan da ƙwaya ko giya ta kama, sai aka nemi mai dafa abinci. Ta nan na shigo. Wancan gidan bai yi kama da wannan na hanyar Shabu mai fili da gona ba. Ɗakuna ne a jere, da tsakar gida, da bishiyar mangwaro, da tankin ruwa a kusurwa.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Mama Rifkatu, 'yar ƙabilar Eggon, doguwar mace mai ƙaramar murya. Ta daɗe tana taimaka wa ma'aikatan jinya a ɗakin mata na asibiti kafin ta yi ritaya, ita aka damƙa wa gidan. Likita yana zuwa ya duba mata, nas tana ba da magani, akwai kuma mai ba da shawara da ke keɓewa da kowace mace su yi magana. Duk waɗannan suna zuwa su tafi. Mu ne muke kwana mu tashi da matan. Shi ya sa in likita ya zo mu yake fara tambaya: ta ci abinci, ta yi barci, ta yi magana da wani?

Mace ta farko da na yi aiki a kanta Bilki ce, matar wani ɗan kasuwa, maganin tari mai kodin take sha. Haihuwa ta yi ɗan bai zo da rai ba, wata maƙwabciya ta ba ta kwalba don ta samu barci, daga nan abin ya zarce. Da mota aka kawo ta, ta rufe fuska ruf da mayafi. Kwana biyu da zuwanta jiki ya fara neman abin da ya saba: zufa, hamma, hawaye ba na kuka ba, ga gudawa, ga ƙafafu da suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na kai mata kunun gyaɗa, ta karɓa ta watsa mini a zani. Na tafi wurin Mama Rifkatu da zanina a jiƙe, ina jira ta ce za a yi mata faɗa. Ta dube ni ta ce in sake zani, in zubo wani kunun rabin kofi in ajiye kusa da ita, in ɗauki 'yar kujera in zauna a bakin ƙofa ta ciki, kada in ce uffan. Na ce tukunyata fa? Ta ce ita za ta duba tukunya.

Na zauna tun hantsi har aka kira azahar. Bilki ta zage ni, ta zagi iyayena, ta roƙe ni don girman Allah in aika a sayo mata ko rabin kwalba ne, ta cire 'yan kunnenta ta miƙo mini. Da ta ga ban tashi ba kuma ban tanka ba, sai ta juya wa bango fuska ta yi ta kuka. Can ta jawo kofin ta kurɓa. Ba a jima ba ta amayar da shi a kan tabarma. Na kawo ruwa na wanke, na goge mata baki da wuya, na sake zubo rabin kofi. Da yamma bayana kamar an yi mini dakan sakwara, alhali ban ɗaga abin da ya fi bokiti nauyi ba. Mama Rifkatu ta ce to yau na fara aiki. Cikin makon aka nemo wata mai girki.

Kayan aikinmu kun gan su, babu na a zo a gani. Bokiti da tsumma, tawul, ruwan gishiri da sukari, tabarma, mataji da tsinken kitso, sai 'yar kujerar nan ta tsugunno. Kujerar tana da dalili: ba a tsayawa a kan mace tana kwance, ki sauko daidai da ita. Magani ba namu ba ne, yana akwatin nas a kulle, ko farasitamol kada ki ba mace da hannunki. Reza da wuƙaƙe suna wurin mai girki, in mace ta ari wuƙa don aikin kicin a gabanta za ta yi. Ƙofar gida kuwa ba a kulle ta a kan kowa. Ko dangi ne suka rako mace sai ta ce ta yarda da bakinta. In kuma ta ce tafiya za ta yi, za mu zauna da ita, mu kira nas, mu kira wanda ta amince da shi a danginta, amma ba ma riƙe ta. Mari da bulala ba su taɓa shiga gidan nan ba.

Binciken kaya ma sai an koya. Na taɓa samun tramol a cikin gammo, a cikin robar man shafawa, a kalmasar zani, har a tsakiyar burodin da wata ƙanwa ta kawo ranar ziyara. Mama Rifkatu ba ta taɓa buɗe jakar mace a bayan idonta ba. Za ta shimfiɗa tabarma, ta ce mai jakar ta fito da kayan da hannunta, suna yi suna hira. In an ga abu ta ɗauka ta sa a aljihu, ta ci gaba da hirar kamar tsinke ta tsinta. Takan ce matar da aka kawo nan ta riga ta sha kunya ta ƙoshi a gida, ba ta buƙatar ƙari daga wurinmu.

Lokacin da za ku fi buɗe ido shi ne la'asar. Aikin safe ya ƙare, rana ta yi sanyi, kuma lokacin da yawancinsu suka saba aikawa a sayo musu ke nan. Za ki ga mace ta fara kai da komo tana neman wanda za ta yi faɗa da shi. A nan kitso yake da amfani. Mace in ta ba ki kanta, tana kallon gaba ke kina bayanta, bakinta yakan buɗe da abin da ba za ta iya faɗa ido da ido ba. Ke dai ki ci gaba da tsaga, kina ɗan amsa mata, kada ki tambayi abin da ba ta kawo ba. In ta faɗi abu mai nauyi ki gaya mata za ki sanar da mai ba da shawara. Kada ki kai a ɓoye, kada kuma wani ya ji bayan ita.

Shekarar da ta fi kowace wahala ita ce wadda rikicin manoma da makiyaya ya yi tsanani a ƙauyukan da ke kudu da mu. Mutane suka yi ta kwararowa cikin gari, wasu a makarantu, wasu a gidajen dangi. Matan ba su fara zuwa mana ba sai da aka yi watanni, bayan hankalin jama'a ya koma kan wasu abubuwan. Gidan ya cika har muka shimfiɗa katifu a ɗakin ajiya. Ana cikin haka hawan jini ya kayar da Mama Rifkatu, ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta suka tafi da ita Akwanga. Ma'aikata biyu suka bar aiki. Na waiwaya na ga ni ce babba.

Doose ce ta riga zuwa. 'Yar Tibi ce, fataucin doya take yi, mace kakkaura mai yawan dariya, in ji waɗanda suka san ta da can. An kashe mijinta a gona, an ƙone ƙauyensu, ta gudo da 'ya'yanta ta zauna wurin yayanta a gari. Ogogoro, giyar nan mai ƙarfi, ta kama sha don ta yi barci, har ta kai ba ta iya ɗaura zani da safe sai ta kurɓa. Matan cocinsu ne suka rako ta. Mai giya ku kiyaye da ita a kwanakin farko fiye da mai ƙwaya. In hannu ya fara rawa, tana ganin abin da babu, kada ki tsaya dabara, ki kira nas. Doose sai da aka kwantar da ita a asibiti aka dawo da ita. Da ta ɗan murmure sai ta fara shiga kicin tana gyara wa mai girki yadda ake fere doya ba a yi asara ba.

Sai ga Shatu. Bafulatana ce, siririya, daga wata ruga ta wajen Ashige, tallan nono take kawowa gari. Su ma an faɗa wa rugarsu ta da, an sa wuta, shanu sun watse, ɗanta na fari da ya tafi kiwo bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Da ma tana ɗan taɓa tramol kamar yadda wasu masu doguwar tafiya da kaya suke yi don ƙafa ta ɗauka. Bayan abin ya faru sai ta koma haɗiyarsa kamar gyaɗa, har ta faɗi a kasuwa tana shure-shure, ƙwaryar nono ta fashe. Mijinta ne ya kawo ta a mashin. Bai yarda ya zauna ba, a tsaye ya yi magana, ya ce ya gaji da rubutu da hayaƙi, ya kawo mana amana.

Washegari Doose ta fito daga kicin ta ga Shatu a gindin mangwaro, da kitsonta da warwaronta irin na Fulani. Wuƙar fere doya tana hannunta. Ban yi gudu ba, gudu yana tayar da abin da bai tashi ba. Na taka a hankali na tsaya ta gefen da za ta gan ni, na ce ta ba ni wuƙar in ƙarasa ferewar, ta huta. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Ba na jin ta yi niyyar komai, ta ma manta tana riƙe da ita. Amma da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji, ta ce mini, “Anti, ko shi ya tafi ko ni na tafi. Ba zan ci abinci da shi ba.”

Muka zauna mu ma'aikata. Wata ta ce a mayar da Shatu tunda Doose ce ta riga zuwa. Wata ta ce ai Doose ce mai faɗan, ita ya kamata ta tafi. Na lura kowace tana magana ne da abin da ta ji a unguwarsu da wurin ibadarta, har murya ta fara tashi. Na ce a bari tukuna. Na shiga mota na tafi Akwanga, na tarar da Mama Rifkatu a kujera a barandar ɗanta, bakinta ya karkace, magana da ƙyar. Na zayyana mata komai. Ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin ta ce, “Hajo, ba a ba ki aikin shirya Tibi da Fulani ba. Marasa lafiya biyu ne a hannunki. Kada ki sulhunta su. Ki ciyar da su.”

Haka na yi. Na ba Doose ɗakin farko, na ba Shatu na ƙarshe. Na raba musu lokacin abinci da na wanka da na shanya. Na koma kamar ɗan sandan hanya a tsakar gida, in wannan ta fito in san inda waccan take. Na gaya wa Doose gaskiya cewa Shatu ba za ta tafi ba, ita ma kuma ba ma son ta tafi. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, amma ba ta ɗauki jakarta ba.

Shatu kuwa ba ta faɗa da kowa, abinci ne ta ƙi ci, magana ta ƙi yi. Shinkafa ta koma, sakwara ta koma. Mai ba da shawara ta zauna da ita sau da yawa, ba ta samu komai ba sai “to” da “babu komai”. Daga baya muka gane Hausar Shatu ta ciniki ce, ta isa a sayar da nono a yi gaisuwa, ba ta isa ta ɗauki abin da ke cikinta ba. Da mijinta ya zo na roƙe shi ya kawo wata babbar mace da Shatu ta yarda da ita. Ya kawo goggonta, tsohuwa mai sanda, da ƙwaryar nono da ƙullin fura da man shanu. Suka shiga ɗaki, ni da mai ba da shawara muna bakin ƙofa. Tsohuwar ta yi ta magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ranar muka fara jin muryar Shatu sosai, kuka ne, tana kiran sunan ɗanta. Da yamma ta dama fura ta sha. Daga nan goggon ta riƙa zuwa ranar kasuwa, tana fassara abin da Shatu ta yarda a fassara. Muka nemo wa Doose ma wata dattijuwa 'yar Tibi daga cocinsu. In kun ga yanzu ana tambayarku yaren gidanku kafin a ɗauke ku aiki, daga nan abin ya samo asali.

Akwai wasu awaki da wani maƙwabci ya ba gidan sadaka, sun rame, babu mai kula da su. Wata safiya na tarar da Shatu tana cire musu kaska. Na ajiye mata igiya da lauje kusa da turken. Kafin wata ya zagayo awakin sun san muryarta, ita ma ta samu abin da ke tashinta da safe.

Bayan kaka, wata rana da hantsi, ina wankin zannuwan gado sai maƙwabta suka sa wa ciyawar fegin da ke bayan katangarmu wuta. Hayaƙi ya tsallako, ana jin ƙarar busasshiyar ciyawa tana ci. Na ɗaga kai na ga Shatu ba ta wurin awaki, ƙofar Doose kuma a buɗe babu kowa. Na duba banɗaki, na duba kicin, na leƙa waje. A bayan tanki na same su, a ɗan lungun da ke tsakanin tanki da katanga, wannan a wannan ƙarshe, waccan a wancan. Doose ta toshe kunnuwa da hannu biyu, Shatu ta rufe hanci da zani. Kowace da kanta ta gudo, ba ta san ɗayar tana nan ba.

Na aika wata ma'aikaciya ta roƙi maƙwabtan su kashe wutar. Ni kuma na zauna a ƙasa a bakin lungun, ban taɓa kowa ba. Mace in tana cikin wannan hali kada ki taɓa ta ba ta sani ba, kada ki ɓullo mata ta baya. Na yi ta maimaita musu a hankali cewa ciyawa ce ake ƙonawa, a Bukan Sidi muke, ni ce Hajo, ga awaki can suna kuka, ga tukunya a kan wuta. Hayaƙin ya lafa. Doose ta sauke hannu, ta daɗe tana kallon Shatu.

Ta ce, “Naka gida ma an ƙone?”

Shatu ta gyaɗa kai.

“Wa ya mutu?”

Shatu ta ce, “Ɗana. Ban gan shi ba.”

Doose ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta shige ɗaki. Amma washegari da aka zuba abinci ta fito ta ɗauki kwanonta, ta zauna can ƙarshen baranda, ta juya wa Shatu baya ta ci. Daga ranar na daina raba musu lokacin abinci.

Kada ku ɗauka shi ke nan an gama. Ba a jima ba yayan Doose ya ji labarin akwai Bafulatana a gidan. Ya zo ransa a ɓace, ya ce ƙanwarsa ba za ta kwana gida ɗaya da waɗanda suka mayar da ita gwauruwa ba. Ban yi musu da shi ba, shi ma ya binne nasa. Muka yi masa bayani cewa ba ta gama ba, nas ta yi masa bayani, ya ƙi. Doose ta tsaya tana kallon ƙasa, a gidansa 'ya'yanta suke, ba ta da bakin cewa a'a. Ni na ɗauki jakarta na raka ta ƙofa. Na ce mata duk ranar da ta ga dama ta dawo, a kowane hali take.

A cikin kwanakin ne kuma labarin Bilki ya zo. Ta gama da mu tun tuni ta koma gida, ta yi shekaru lafiya, a shekarar ta sake faɗawa aka dawo da ita. Ta fara samun sauƙi sai danginta suka zo suka ɗauke ta, wai ana biki a gidansu, kada mutane su tambayi inda take. Ta samu kodin, ta sha irin yadda take sha a da, jikin kuwa ya riga ya manta da wannan nauyin. Ba ta farka ba. Na je gaisuwa na zauna cikin mata, da aka tambaye ni daga ina na ce mai kitsonta ce. Ku riƙe wannan: duk matar da za ta fita, ko ta gama ko ba ta gama ba, a gaya mata a gaban danginta cewa ma'aunin da ta saba a da yanzu zai iya kashe ta. Tun daga lokacin kuma muke bin mace gida da ziyara bayan ta tafi.

Doose ta dawo bayan wasu makonni, da rana tsaka, ita kaɗai, takalmi ƙafa ɗaya, ana jin warin ogogoro tun daga nesa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Shatu ce ta gan ta, ta fita yankan ciyawar awaki. Ta zo ta same ni a kicin ta ce, “Adda, mai doya ta dawo.” Na fita na yi mata sannu da zuwa, na ce ruwan wanka yana nan da ɗumi. Ban tambaye ta me ya faru ba, ban tuna mata komai ba. Matar da ta koma ta dawo kada ki tarbe ta da “ai na gaya miki”. Dawowar ita ce aikin da ta yi, kuma ba ƙarami ba ne.

Aka faro daga farko, asibiti, rawar hannu, amai. Cikinta ya ƙi riƙe komai. Ranar kasuwa goggon Shatu ta kawo nono, Shatu ta zuba a kofi ta ba ni, ta ce in kai wa mai doya amma kada in ce daga wurinta ne. Na kai. Doose ta leƙa kofin ta dube ni. Wa ke da nono a gidan nan in ba mutum ɗaya ba? Ta shanye tas, ta miƙo mini kofin ta ce, “Gaya masa sukari bai ji ba.” A karo na biyun nan yayanta bai zo ɗaukarta ba. Dattijuwar cocinsu ta je ta zauna da shi, ban san abin da ta gaya masa ba, amma ranar ziyara ya kawo 'ya'yan Doose su gan ta.

Shatu ce ta riga gamawa, mijinta ya zo ya ɗauke ta, muka ba ta 'yar akuya ɗaya daga waɗanda aka haifa a hannunta. Doose ta biyo baya ta koma kasuwar doya. Har suka bar gidan ban taɓa ganinsu a tabarma ɗaya ba, gaisuwa ce kawai da safe. Ni dai na ci gaba da ganin Doose, in na je cefane ba ta bari in tafi hannu biyu. Shatu kuwa mun ziyarce ta sau da dama, daga baya rugarsu ta tashi, labarinta ya yanke. Muka dawo nan hanyar Shabu, aka kawo Mama Rifkatu a mota ta ga gonar kafin ta rasu.

Daminar bara ina bakin ƙofar nan ina tsinke zogale sai ga 'yan acaɓa biyu sun tsaya. Doose ta sauko daga na gaba. A na baya Shatu ce, ta yi ƙiba har na so in kasa gane ta, da wata matashiyar mace a tsakaninta da direba, idanunta jawur. Matar ƙanin mijin Shatu ce, ita ma tramol. Ashe Shatu ta kai ta Bukan Sidi ta tarar da wasu mutane a gidan, ba wanda ya san inda muka koma. Sai ta ja yarinyar suka shiga kasuwar doya, rumfa rumfa tana tambayar wata 'yar Tibi kakkaura mai suna Doose, har aka nuna mata. Doose ta bar wa maƙwabciyarta rumfa ta tare mashin.

Ta ce mini, “Anti, na kawo maka baƙi. Shi bai san hanya ba.”

Na ce su shigo su sha ruwa. Doose ta ce ta bar doya a rana, ba za ta zauna ba. Matashiyar kuwa ta tsaya cak a bakin ƙofa, ta ƙanƙame ƙullin kayanta a ƙirji. Shatu ta yi mata magana da Fulatanci, ta lallashe ta, ko motsi ba ta yi ba. Na koma gefe na ba ta hanya, don ba a jan mace ciki. Doose har ta ɗora ƙafa a mashin sai ta sauko, ta zo ta tsaya gabanta, ta bugi ƙirjinta da tafin hannu.

Ta ce, “Shiga. Ni sau biyu na shiga wurin su Anti. Ga ni nan.”

Yarinyar ta dubi Shatu. Shatu ta fassara mata, ta ƙara da wata magana mai ɗan tsawo da ban ji ba, tana nuna Doose. Yarinyar ta sake kallon Doose tun daga kai har ƙafa, ta sauke ƙullin kayan daga ƙirjinta ta riƙe a hannu, ta tsallako ciki. Doose ta hau mashin ta koma wurin doyarta.